Maganin Ƙato Mai Cafe Ƙwallo: Yadda Ake Ɗora Babban Sefti a Kan Tayit-en

Ranar 28 ga Janairun 2024, a birnin Baltimore, Kyle Hamilton ya yi duk abin da ake koya wa mai tsaron baya, kuma duk da haka aka ci shi. Wasan fitar da zakaran ɓangaren AFC ne, aka take shi ƙarfe tara na dare agogon Najeriya da Nijar, lokacin da ya yi wa irinmu daɗi, mu da muka saba tashi ƙarfe biyun dare don kallon gasar NFL. Travis Kelce na Kansas City ya yi kamar zai karkata waje, sai ya miƙe ya bi gefen fili. Hamilton bai ruɗu ba, ya liƙe masa kamar kaska. Patrick Mahomes, mai jefa wa Kansas City ƙwallo, ya duba ya ga babu ƙofa ta sama, sai ya jefo ƙwallon ƙasa-ƙasa ta bayan kafaɗar Kelce, inda hannun Hamilton ba zai kai ba sai in ya ratsa jikin mutumin. Kelce ya murɗa, ya faɗi rungume da ita. Yadi 19, maki shida. Ranar nan sau 11 aka jefa masa, sau 11 ya cafe, Kansas City ta ci 17 da 10.

Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka akwai layar da ke ɗaure ƙwararren tayit-en. Abin da ake nema in an ɗora masa babban sefti, wato mai tsaron can baya mai girman jiki, shi ne a tsauwala masa farashi: duk ƙwallon da zai cafe, ya zama sai da jifa irin ta Mahomes, kada ya samu ko ɗaya a ɓagas.

Inda gizo ke saƙar

Ga wanda bai saba da ƙwallon Amurka ba, kowane ɓangare mutum 11 ne. Masu hari suna da yunƙuri huɗu su ci yadi 10, yadin nan dai da tela ke auna shadda da shi, ko dai su ruga da ƙwallon a hannu, ko kwatabak ya jefa wa wani ya cafe. Tayit-en shi ne mai tsayawa a ƙarshen layin ƙattin nan biyar da ke kare kwatabak. A da aikinsa tare mutane ne, cafe ƙwallo kuwa gyara ce aka yi masa. Koci Don Coryell na San Diego ne ya ɗauki Kellen Winslow a 1979, ya riƙa ciro shi daga layi yana ajiye shi duk inda ya ga dama. Daga baya 'yan ƙwallon kwando suka shigo: Tony Gonzalez, da Antonio Gates wanda ko sau ɗaya bai buga wannan wasa a jami'a ba, da Jimmy Graham mai tsawon ƙafa 6 da inci 7. Sun zo da ɗabi'arsu ta ƙarƙashin kwando, wato su ba ka baya, su raba ka da ƙwallo da faɗin jikinsu. Rob Gronkowski, ƙafa 6 da inci 6, kilo kusan 120, ya cafe na yadi 1,327 da tacdawun 17, wato shiga gidan maki shida, a kakar 2011 kaɗai.

To, wa za ka sa masa? In ka sa layinbaka, mai tsaron tsakiya, nauyi ya zo daidai amma ƙafa ba ta kai ba. A Super Bowl na Fabrairun 2015, New England ta fitar da Gronkowski can gefen fili, layinbakan Seattle K.J. Wright ya bi shi, kwatabak Tom Brady ya gani, ya ɗaga masa ita ta yadi 22 har gidan maki. Wright kuwa ba rago ba ne, yana cikin waɗanda suka fi iya bin mutum a tsararsa. In kuma ka sa kwanabak, mai tsaron gefe, gudu ya zo daidai, amma mutum ne da galibi bai wuce kilo 90 ba. Masu hari sai su fasa jifa, su mayar da ƙaton nasu layi, su rugo da ƙwallon ta kansa. Gaba kura, baya sayaki.

Akan samu kwanabak mai jiki ya yi abin mamaki. A Oktoban 2013 Aqib Talib na New England ya bi Graham, aka tashi wasa Graham bai cafe ko ɗaya ba. Amma ba kowace ƙungiya ke da Talib ba, kuma in ka ɗauke gwaninka na gefe ka kawo tsakiya, wani ne zai ci kasuwa a gefen.

Babban amfanin da ba a cika faɗa ba

Masu kallo sukan ɗauka amfanin babban sefti shi ne ya yi kafaɗa da kafaɗa da tayit-en wajen tsalle. A ganina wannan na biyu ne. Na farko shi ne ya raba kocin tsaro da canji.

Masu hari suna kiran jerinsu da lamba biyu, ta farko yawan masu ruga da ƙwallo, ta biyu yawan tayit-en. Jerin 11 ɗaya da ɗaya ke nan, jerin 12 kuwa mai ruga ɗaya da tayit-en biyu. Kocin tsaro yana kallon wanda ya shigo, shi ma ya tura nasa. Doka ta ce in masu hari suka yi canji, alƙali zai tsaya a kan ƙwallo har masu tsaro su yi nasu. In ba su canja ba fa? Ba wanda zai jira ka. Nan ne jerin 12 ke zama tarko: ka tura manya, su watsu a fili su yi ta jifa, ka tura ƙanana, su dunƙule su yi ta ture ka, kuma ba za su tsaya shawara ba balle ka gyara. Haka New England ta riƙa wahalar da mutane a 2011.

Amsar ita ce abin da ake kira babban nikel. Nikel sunan kwabon Amurka ne mai santi biyar, shi ya sa ake kiran jerin masu tsaron baya biyar da shi. A na kullum, na biyar ɗin kwanabak ne. A babban nikel, sefti ne na uku. New York Giants, ƙarƙashin Perry Fewell mai tsara musu tsaro, ta yi ta amfani da Antrel Rolle da Kenny Phillips da Deon Grant tare, har ta doke New England 21 da 17 a Fabrairun 2012. Gronkowski biyu kawai ya cafe, na yadi 26, kodayake adalci ne a faɗa cewa da ciwon idon sawu ya buga. Mutum ɗaya da zai iya tsayawa kusa da layi in an dunƙule, ya kuma fita gefe in an watsu, shi ke sa ka kira tsaro ɗaya ka zauna a kansa.

Zaɓen mutumin

Girma shi ne kuɗin shiga. Kam Chancellor na Seattle ƙafa 6 da inci 3 ne, sama da kilo 100. Derwin James na Chargers ƙafa 6 da inci 2. Hamilton ƙafa 6 da inci 4. Tsawon hannu ma ka duba shi, don ya fi tsawon jiki amfani a lokacin da ƙwallo ta iso.

Amma kada awo ya ruɗe ka. Obi Melifonwu, wanda aka haifa a Landan kuma iyayensa 'yan Najeriya ne, ya zo wurin gwajin 2017 da ƙafa 6 da inci 4, ya yi yadi 40 cikin daƙiƙa 4.40, ya daka tsallen inci 44. Raiders ta ɗauke shi a zagaye na biyu na zaɓen sababbin 'yan wasa, kowa na cewa an samu maganin Kelce. Raunuka suka hana shi zama a fili, bai cika shekara biyu ba aka sallame shi. Isaiah Simmons ya fi shi nauyi, shi ne na takwas da aka ɗauka a 2020, Arizona ta yi ta juya shi daga wannan gurbi zuwa wancan, a 2023 ta ba Giants shi a kan zaɓen zagaye na bakwai. Can kuwa ga Patrick Chung, wanda bai kai ƙafa 6 ba, ya yi shekaru Bill Belichick, kocin New England a lokacin, yana danƙa masa tayit-en na abokan hamayya.

Abin da za ka gwada shi ne ƙugu. Sa shi ya riƙa ja da baya, ka tafa, ya juya ya ruga. Dogon mutum yakan miƙe tsaye kafin ya juya, kuma a wannan miƙewar ake barinsa. Wanda ya juya a duƙe ba tare da ƙarin taku ba, shi ne naka. Sannan ka duba ko yana son karo, don rabin aikin ƙarar da mai ruga da ƙwallo ne bayan an turo maka ƙato.

Kafin a taɓa ƙwallo

Tambayar farko da seftin zai yi wa kansa: ina mai taimakona? Daga amsar ne zai san gefen da zai tsaya. In akwai sefti ɗaya can baya a tsakiya, tayit-en kuma yana manne da layi ko kusa da shi, ka tsaya ta kafaɗarsa ta waje, ka kora shi ciki wajen ɗan'uwanka. In ya fita can kusa da layin gefe, ka koma ta ciki, layin gefen ya zama abokin aikinka, tunda duk wanda ya taka shi ya fita. In kowa ya tafi farautar kwatabak, babu kowa a baya, ta ciki za ka tsaya ko ta halin ƙaƙa, don jifa ta ciki ita ce gajera, ita ce mai sauƙi.

Wannan zaɓi alkawari ne. Ba za ka iya toshe gefe biyu ba. Ka zaɓi ɗaya ka hana, ɗayan ka bar wa mai taimako da wahalar jifa.

Yadi biyar na farko

Nan ne aikin yake, nan kuma zan daɗe. Tun 1978 dokar NFL ta ba mai tsaro damar bugun mai neman cafe ƙwallo a cikin yadi biyar daga inda aka tashi, dokar da ake jingina wa Mel Blount na Pittsburgh saboda yadda ya riƙa murƙushe mutane har ƙarshen fili. Da ka wuce biyar ka taɓa shi da gangan, alƙali ya jefa ƙyallen nan ruwan ɗorawa: yadi biyar, da sabon yunƙuri huɗu kyauta.

Kwatabak galibi ba ya samun daƙiƙa uku cikakku kafin mafarauta su iso shi, kuma hanyoyin da masu cafewa ke bi a ƙidaye suke da takunsa. In ka jinkirta tayit-en da rabin daƙiƙa, kwatabak zai kalli wurin ya ga ba kowa, ya wuce ga na gaba. Ka ci wannan yunƙurin ke nan ba tare da ƙwallo ta zo kusa da kai ba.

Kuskuren da kowane sabon shiga ke yi shi ne kai hannu biyu da dukkan nauyinsa. Duk wanda ya taɓa kallon kokawa ya san makomar mai zuba nauyi gaba: a kauce masa, ya ci ƙasa. Tayit-en ya fi ka da kilo 10 zuwa 20, kuma ture mutane sana'arsa ce tun asali. Ƙafa ce za ta fara. Ka ware ta daidai faɗin kafaɗa, ka ɗan duƙa, ka bari shi ya fara nuna inda ya nufa. In ya yi dama, ka zame dama ka tare masa hanya da jiki, sannan hannu ɗaya ya fita, gajeren bugu a ƙirji ko kafaɗa, gwiwar hannu a matse, ka janye nan take. Hannun da ya daɗe a jikinsa ko dai ya kama ya jefar da kai, ko alƙali ya ce riƙo ne. Ɗayan hannun ka ajiye shi don bugu na biyu.

In yana manne da layi, sefti ba zai iya zuwa gabansa ba tare da ya bar baya a buɗe ba. Sai a roƙi mafaraucin gefe ya bangaje shi da kafaɗa kafin ya wuce neman kwatabak, seftin kuma ya jira shi a wajen yadi biyar zuwa bakwai. Akwai asara a ciki, don mafaraucin zai makara, kuma manyan mafarauta ba sa son wannan aiki ko kaɗan. Amma a kan gwani, ya cancanta. Seattle ta Chancellor da Earl Thomas, mai sharar baya, ta haɗu da New Orleans, ƙungiyar Graham, a wasan sili-ɗaya-ƙwale na Janairun 2014, Graham ya tashi da ƙwallo ɗaya tal, ta yadi 8.

Bayan ya fita

Idonka a ƙugunsa. Kai yana ƙarya, kafaɗa tana ƙarya, ƙugu ba ya zuwa inda mai shi ba zai je ba. Da ka ga ya sauke ƙugu, zai karya hanya ke nan. Kada ka saci kallon kwatabak alhali mutum-da-mutum kake yi; kallo ɗaya, taku biyu ne.

Manyan tayit-en suna da wata dabara a daidai wurin karyawa. Zai jingino maka da jiki kamar ya gaji, kai ma ka tura, sai ya janye ya yi ɗaya gefen, ka tafi luu kamar wanda ya jingina da ƙofa aka buɗe ta. Kada ka rama jingina. Ka riƙe nauyinka a kan ƙafarka.

Kelce ya ƙara wani abu. Kwatabak ne shi a sakandare, da wannan matsayi kuma ya shiga jami'ar Cincinnati, don haka yana karanta tsaro yadda majefi ke karantawa. Sau da yawa ba a yanke masa hanya ba, kai yake kallo: kana ciki ya yi waje, kana waje ya yi ciki, in tsaron shiyya kuke yi ya nemi tsakanin mutum biyu ya tsaya. Seftin da ya yi ƙoƙarin yi masa wayo ya bar gefen da ya yi alkawari, ya hallaka kansa da mai taimakonsa gaba ɗaya.

In ƙwallo ta taso, dubi matsayinka. Kafaɗarka na gogar tasa? Juya ka nemi ƙwallon, hakkinka a kanta daidai da nasa. Yana gabanka da taku ɗaya? Kada ka juya, don mai waiwaye gudunsa raguwa yake yi. Ka kalli idonsa da hannunsa. In ido ya buɗe, hannu ya ɗaga, ka cusa naka tsakanin nasa ka fizgo ƙasa. Ka yi da wuri kuwa, laifin shiga hanci ne, kuma a NFL a daidai inda ka yi laifin za a ajiye ƙwallo, ko da yadi 40 ne.

In ya cafe, ya cafe. Saura kada yadi 8 ya zama 30, abin da George Kittle na San Francisco ya yi suna a kai. Kai da wuya haramun ne a kan wanda bai gama cafewa ba, tarar yadi 15, kuma alƙalai ba sa jiran tabbaci: a Disambar 2012 Chancellor ya kai wa Vernon Davis karo da kafaɗa, ƙyalle ya tashi. Gwiwa kuma doka ta yarda, amma ta nan T.J. Ward ya shiga wa Gronkowski a Disambar 2013, jijiya ta tsinke, kakarsa ta ƙare. Ni dai cinya nake koyarwa: kafaɗa a cinya, hannu biyu a nannaɗe, ka riƙe har 'yan'uwa su iso.

Taron dangi, da tarkunan da za a ɗana maka

Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma yawan nan aro ne. Za ka iya sa mutum biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, ko ɗaya ƙasa ɗaya sama, na ƙasan ya bi shi a baya yana toshe gajeriyar jifa ba tare da tsoron a wuce shi ba. Sai dai duk wanda ka ƙaro, daga wani wuri ka ciro shi. Shekarun da Tyreek Hill yake tare da Kelce, duk kocin da ya tara mutane a tsakiya ya ga ƙeyar Hill. Ka ajiye taron dangi don yunƙuri na uku, da kuma cikin yadi 20 na ƙarshe, inda fili ya matse, tsawo ya fi gudu daraja.

Su ma masu hari ba barci suke yi ba. Za su sa tayit-en ya tsallaka daga wannan gefe zuwa wancan kafin a taɓa ƙwallo. In ka bi shi, ka gaya musu mutum-da-mutum kuke yi. Za su tara mutum uku wuri ɗaya don ka rasa ta inda za ka buge shi, sannan su gitta maka wani a hanya. Ranar 20 ga Nuwamban 2022, saura daƙiƙa 31 a tashi, Kelce ya ratsa fili a kwance, James yana biye da shi cikin cunkoso, ya makara da taku ɗaya, yadi 17, Kansas City ta ci 30 da 27. James ɗin nan ne wata biyu kafin nan ya ɗaga Kelce sama ya maka da ƙasa, duniya ta yi ta kallo a waya. Maganin cunkoso a baki yake: ku yanke tun kafin a tashi wa zai ɗauki na farko da ya shigo ciki, wa zai ɗauki na waje, da kalma ɗaya da kowa ya sani.

Tarkon da ya fi cin masu zafin nama shi ne tayit-en ya tsaya yana tare mutum kamar gudu za a yi. Seftin ya ga haka, ya rugo gaba neman karo, sai ƙaton ya saki wanda yake tarewa ya sulale ta bayansa. Ƙidaya biyu kafin ka taso. Ka makara wajen mai ruga da ƙwallo, yadi uku ka bayar. Ka yi gaggawa, maki shida.

Abu na ƙarshe, ka san ranar da mutuminka ba shi da ƙafa. A wasan buɗe kakar 2017, Eric Berry na Kansas City ya bi Gronkowski daga farko, ya bar shi da ƙwallo biyu, na yadi 33, kafin jijiyar agararsa ta tsinke a zangon ƙarshe. Ranar 20 ga Janairun 2019 suka sake haɗuwa a wasan fitar da zakaran AFC, Berry ya shafe kusan duk kakar yana jinyar diddige. Aka bar shi shi kaɗai da Gronkowski a gefe. Ana gab da tashi Brady ya ɗaga masa ta yadi 25 ta saman Berry. A ƙarin lokaci, yunƙuri na uku da sauran yadi 10, Gronkowski ya sake fita gefe, Berry a gabansa. Wannan karon bai miƙe ba, ya yanko ciki, ya sa faɗin bayansa tsakanin Berry da ƙwallo, yadi 15. New England ba ta ƙara jifa ba. Sau uku ta miƙa wa mai ruga da ƙwallo Rex Burkhead, aka tashi 37 da 31.